Kwikwiyon da Aka Tsinta a Wajen Damaga

Ban taɓa ajiye kare ba sai da furfura ta fara fito mini. Gidanmu na Talata Mafara gidan mahauta ne tun kakanni, kuma karnukan da na sani su ne na bakin kwata, masu jiran a jefar da ƙashi, waɗanda ba su da uban gida. Ni na bar wa yayana wuƙa na koma noman rani a Bakolori, albasa da ɗan alkama. Gonar ce ta sa na fara tunanin kare. Awaki na shiga su yi mini ɓarna, wani lokaci kuma in je sallar azahar in dawo in tarar an yanke tiyon ban ruwa an tafi da shi.

A shekarar da nake wannan tunani ne Kawu ya zo wurinmu. Yayan mahaifiyata ne, manomi, yana zaune a wani ƙaramin ƙauye can bayan Damaga a ƙasar Maradun. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa maza sun watsu neman abinci, shi kaɗai ya rage da 'yan shanunsa. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, aka kore shanun, mutanen ƙauyen suka kwashe gaba ɗaya. Ya iso gidana da yamma, da buhu guda a kai da buta a hannu. Muka yi gaisuwa mai tsawo kamar yadda aka saba, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida, duk ya ce lafiya lau. Daga nan bai ƙara cewa komai a kan abin da ya faru ba.

Na gyara masa ɗakin da ke jikin zaure. Zai fita masallaci ya dawo, ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gida, ya zauna har rana ta juya. In an kawo tuwo ya yi loma kaɗan ya rufe kwano. Mutumin da na sani da yawan labari, wanda in ya zo cin kasuwar Talata sai mun gaji da dariya, ya koma kamar baƙon da ba ya jin harshen gari. Maiɗakina ta damu ƙwarai. Ta canza miya, ta dama fura, ta aika a sayo masa goro mai kyau, duk bai sa ya buɗe baki ba.

Akwai wani malamin dabbobi da na sani ta hanyar yayana, don shi ke duba nama a kwata. A bayan wurin aikinsa akwai wani tsohon ɗaki da ba a amfani da shi, a nan ya shiga tara karnukan da aka bari a ƙauyukan da suka watse. Direbobi da masu zuwa allurar shanu su ne ke kawo masa. Ya ba su maganin tsutsa, ya yi musu allurar haukan kare, in manomi ko makiyayi na so ya ba shi. Ba aikinsa ba ne, ba kuma wanda ya sa shi. Da yayana ya ji ina neman kare, sai ya ce in je can.

Na same shi da hantsi yana wanke hannu. Ya kai ni ɗakin. Ƙananan suna cikin rabin durom da aka shimfiɗa wa buhu, da suka ji motsi suka taso suna hawa kan juna. Guda ɗaya bai taso ba. Yana kwance a kusurwa, ja-ja kamar ƙasar jigawa, bakinsa baƙi, da ɗan fari a ƙirji. Haƙarƙarinsa duk a waje, amma tafukansa manya ne, kamar an ara masa na wani.

Na ce, "Malam, wanga wane iri na?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Cikin kwali anka kawo min shi. Direban ya ce cikin wani kangon gida ya same shi wajen Damaga, shi kaɗai, ba uwa ba 'yan'uwa."

Ban san abin da ya sa na zaɓe shi ba. Mai neman kare don gadi ai mai kuzari zai ɗauka. Na dai sa shi a kwali, na ɗaure a bayan babur, na taho a hankali ina kauce wa ramuka.

Maiɗakina ta leƙa kwalin ta ja da baya. Ta ce, "Malam, kare cikin gidan da ake salla?" Na gaya mata na riga na tambayi liman, ya ce na gadin gona ba laifi, kuma ba a gida zai zauna ba. Zai ɗan yi kwanaki a bayan gida wajen turken tumaki har ya yi ƙwari, da kaskonsa daban, ba zai taka tsakar gida ba. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce a mayar ba.

Ina cikin sauke kwalin sai Kawu ya ɗago kai daga tabarmarsa. Ya tambaya, "Mi ka ɗauko?" Na gaya masa. Ya ce daga ina, na faɗa masa abin da malamin dabbobi ya faɗa mini. Da ya ji sunan Damaga sai ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya zo ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya ɗaga haɓar kwikwiyon, ya duba farin ƙirjin, ya juya kunnen.

Ya ce, "Wanga ɗan karyata na."

A tsugune a nan bakin zaure ya ba ni labarin da bai taɓa bayarwa ba. Yana da wata karya ja mai farin ƙirji, ta yi shekaru tana bin shanunsa, ita ke fara sanin in baƙo ya doso. Ranar da suka fito cikinta ya tsufa. Ta biyo su har bakin hanya inda motar da za ta kwashe su ke tsaye. Mutane sun cika motar, mata da yara da tsofaffi, har an hau bisa kaya.

Ya ce, "Wa zai ce a ɗauki kare, ga mutane tsaye? Ban ma buɗe baki ba. Munka tashi, tab biyo mu da gudu, cikin ya hana ta. Sai tat tsaya tsakar hanya. Ina kallon ta har munka sha kwana."

Bai yi kuka ba. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni kuwa na san wajen Damaga ƙasa ce mai faɗi, ƙauyuka da rugage ba iyaka, kuma jan kare mai farin ƙirji ba abin nema ba ne a ƙasarmu. Ban faɗa ba. Maiɗakina tana bayan ƙofa, ta ji komai. Washegari na ga ta jiƙa ƙanzo a wani tsohon kwano ta ajiye a bakin turke.

Daga ranar rainon ya fita hannuna. Kawu ya ware wata tsohuwar riga da yake sawa in zai taɓa shi, in ya gama ya cire ya rataye a kan danga, ya wanke hannu da sabulu kafin ya yi alwala. Da farko kwikwiyon ba ya iya cin komai sai kunu mai ruwa-ruwa da aka zuba wa nono. Kawu ya zauna yana tsoma yatsa yana kai masa baki har ya koyi lasa da kansa. Kunnuwansa cike suke da kaska, Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa yana jefawa a gwangwanin kananzir. Da ya fara samun ƙarfi yayana ya riƙa aiko da guntun huhu daga kwata, a dafa a yayyanka masa.

Akwai lokacin da zawo ya kama shi, ya kwanta ko kai ba ya ɗagawa, idanunsa suka faɗa. Na ɗauka shi ke nan. Kawu, wanda tun zuwansa bai wuce masallaci ba, ya ce in ta da babur. Ya hau baya da kwalin a cinya, muka je wurin malamin dabbobi. Aka yi masa allura, aka ba mu wani gari a ce a riƙa damawa ana ɗura masa. Kwanakin nan Kawu ya mayar da tabarmarsa kusa da turke, yana ɗura masa ruwan da murfin kwalba. Ranar da kwikwiyon ya tashi ya yi tangaɗi ya je ya kama igiyar tunkiya yana ja, na ji Kawu ya yi 'yar dariya. A ranar Kawu ya cinye tuwonsa.

Bayan ya warke sai ɓarna. Ya tauna mini takalmi, ya yaga buhun dusa, ya sa kajin gida a gaba. Maiɗakina ta ce haƙurinta ya kusa ƙarewa. Kawu bai taɓa dukansa ba. Karan dawa yake riƙewa, in kwikwiyon ya nufi kaza sai ya buga karan a ƙasa ya yi gyaran murya, kwikwiyon ya tsaya cak. A haka ya koyi inda iyakarsa take. Har ya bar gidan bai taɓa ƙetare bakin ƙofar tsakar gida ba, ko da kuwa nama ake soyawa. Ba mu sa masa suna ba. Kawu fito yake masa, irin wanda ya ce yana yi wa karyarsa, shi kuma ya taho.

Da ya yi ƙwari muka mayar da shi gona, na yi masa 'yar rumfa kusa da bukkar da nake ajiye injin ban ruwa. Abin da ban zata ba shi ne Kawu zai biyo shi. Kullum da safe sai in tarar ya riga ni shiri, yana tsaye a jikin babur. A gona ya fara da zama a inuwa, daga baya ya karɓi fartanya yana buɗe wa ruwa hanya tsakanin fangali, yana yi mini faɗa wai ina shayar da albasa fiye da kima.

A nan ne fa aka shiga canke-canke. Duk wanda ya ga karen sai ya tsaya, don bai yi kama da na gari ba, kuma kowa da abin da yake gani. Yayana ya ce jinin karnukan Buzaye ne, irin waɗanda ke biyo masu kawo shanu daga arewa, ya ce a dubi yadda cikinsa ya ɗaure da yadda ƙafafun ke tsawo. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta dube shi sau ɗaya ta ce na ruga ne, irinsu ne ke kwana cikin garke. Wani maharbi da ke wucewa ta bakin kanal ɗin da ke kawo mana ruwa ya ce a'a, akwai dila a jikinsa, don ba ya yawan haushi, kuma in zai zo wurinka ba ya tahowa kai tsaye sai ya kewayo. Ya ba ni shawara in yi hankali da shi in ya girma. Maƙwabcina na gona, wani dattijo mutumin Bakura wanda ya yi lebura lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori, shi nasa ya fi na kowa tsawo. Ya ce Turawan da suka yi aikin sun zo da wasu manyan karnuka masu tsayayyun kunnuwa, kuma ba kullum suke ɗaure ba. Ya ce jinin nan bai ɓace ba, yakan yi shekaru a ɓoye sannan ya fito a jikin wani kwikwiyo, kamar yadda jika ke ɗauko hancin kakan da bai taɓa gani ba.

Ni kaina na shiga ciki. In na zauna hutawa sai in kama kallonsa, yau in ga Buzu, gobe in ga na Turawa. Da na mayar da shi allura ta biyu na sake tambayar malamin dabbobi. Ya ce a ƙasashen waje har gwajin miyau ake yi a gaya maka kakannin kare, amma a nan sai dai ido, kuma karnukanmu kowa na da jinin kowa. Ya ce in jira ya gama girma, wataƙila jikinsa ya faɗa.

Duk wannan Kawu na ji. Ba ya musu da kowa. In an gama sai ya ce, "Ku dai hwaɗi naku," ya ci gaba da abin da yake yi. Mutanen gona sun san labarin karyar, don haka ba wanda ke ja da shi. Ko dattijon Bakura, mai son gardama, in ya zo ƙarshen labarin Turawansa yakan ƙara da cewa ta wajen uba yake nufi.

Karen ya ci gaba da girma, kuma jikin nasa ya fara faɗa. Kunnuwan da ke kwance suka miƙe, ɗaya ya riga ɗaya, har ya yi kwanaki da kunne guda a tsaye guda a karye. Jan ya yi duhu a gadon baya. Gashin wuya ya yi kauri, wutsiya ta yi buzu-buzu tana saukowa ƙasa. Ya zarce duk karnukan da ke wajen tsawo tun bai shekara ba. Ni kuwa na sha jin Kawu yana kwatanta karyarsa: gajera, mai kwantattun kunnuwa, wutsiya a naɗe bisa baya kamar gammo.

Wata rana lokacin cirar albasa, mun gaji mun zauna a bakin bukka bayan la'asar. An baza albasa tana shan iska, warinta ya cika wurin. Karen na kwance a gabanmu ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Kawu ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba nata ba na."

Na yi kamar ban gane ba. Na ce, "Kawu, mi?"

"Karen ga. Ba ɗanta ba na. Kai ma ka sani."

Na ce ai kare kan ɗauko uba, ba lallai ya yi kama da uwa ba. Ya girgiza kai. Ya ce ba kama kaɗai ba. Karyarsa a bakin haihuwa take ranar da suka fito, tun gero bai yi kai ba. Wannan kuwa da na kawo shi an riga an gama girbi, kuma ko haƙoran kirki bai yi ba. Da nata ne da ya fi haka girma nesa. Ya ce tun makon farko lissafin ya zo masa, ya ture shi gefe.

"Ina so ya zama nata," in ji shi. "In nata na, to ta haihu ke nan, ta rayu bayanmu ko da kaɗan. Shi nika so in ji."

 Can nesa ana ta da injin wani, ya yi tari ya mutu, aka sake ja. Kawu ya ɗebi ƙasa yana murzawa a tafin hannu.

Ya ce, "Amma wani ya bar shi, kamar yadda na bar ta. Akwai wani tsoho ko wata tsohuwa can wani gari, zaune ƙofar gidan mutane, shina tunanin uwar wanga. Bai san ɗanta na nan na cin huhu ba."

Na ɗauka daga ranar zai ja jiki da karen, ko ya koma shirunsa na da. Na gaya wa maiɗakina, ita ma ta damu. Amma da gari ya waye na tarar da shi a jikin babur kamar kullum, da ƙullin ƙanzo a hannu. Abin da ya canza kawai shi ne, in masu canke sun fara, yanzu yakan sa baki. Ya koma bayan Bafulatanar. Ya ce ƙafar ta makiyaya ce, kunnen ne dai bai san inda aka samo shi ba, wataƙila mutumin Bakura na da gaskiya.

Da zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, labari ya zo cewa wasu daga mutanen ƙauyensu sun fara komawa. Ba wai an sami lafiya ba ne, an dai sami sauƙi, kuma wanda bai yi shuka ba ya san abin da ke jiransa. Kawu ya ce zai tafi. Na roƙe shi, yayana ya zo ya roƙe shi, maiɗakina ta durƙusa ta ce, "Baba, mi munka rage ka da shi?" Ya sa mata albarka, ya ce ba a rage shi da komai ba. Ya ce gonar ubansa ce, bai taɓa barin ta ta kwana damina ba shuka ba, kuma kabarin matarsa na can.

Da na ga ba zai juyu ba sai na ce to ya tafi da karen. Ya saba da shi fiye da ni, kuma a can ya fi bukatar mai jin motsi. Na riga na yi magana da wani direba da ya yarda ya ɗauke shi a baya tare da kaya. Kawu ya ci gaba da haɗa kayansa har na zaci ya amince.

Sannan ya ce, "A'a. In ta sake ɓaci, mota ba ta ɗaukar kare. Ba ni iya yin wannan kallo sau biyu."

Ranar tafiyarsa bai je gona ba, bai kuma ce a kawo karen ba. Na kai shi tasha da buhun iri da maiɗakina ta haɗa masa da 'yar daddawa da kuka. Muka yi sallama, ya hau, motar Maradun ta tashi. Da na isa gona karen ya taho da gudu, ya wuce ni, ya je yana shinshina bayan babur. Ya yi kwanaki yana haka. Ban iya irin fiton Kawu ba, na gwada ya fi a ƙirga, sai dai ya dube ni ya kawar da kai. A hankali muka saba da juna. Awaki sun daina shiga, ba a kuma ƙara taɓa mini tiyo ba.

Daminar nan mun yi ta da zullumi. Wayar ƙauyen ba kullum take shiga ba, sai wani ya hau tudu. In an yi sa'a na sami maƙwabcinsa, ya kai masa, mu gaisa a gurguje. Ya ce ya tarar an cire ƙofar ɗakinsa, rumbu ya rushe, amma gona na nan. Na so in tambaye shi ko ya ji labarin karyar, sai na fasa. Shi ne da kansa wata rana ya ce ya tambaya, ba wanda ya gan ta, ko ƙashi bai gani ba. Daga nan ya koma zancen ruwan sama.

Bayan girbi ya zo cin kasuwar Talata, ya kawo mana ɗan gero a bakin buhu, ya rame, ya yi baƙi. Ya kwana biyu. A rana ta biyu ya ce in kai shi gona. Tun daga bakin kanal ya yi fito, sai ga karen ya keto cikin fangalin da nake renon iri, ya tattake mini yayyafin albasa, ya zo ya faɗi a gabansa yana birgima. Kawu bai zo da tsohuwar rigarsa ba, don haka bai taɓa shi ba. Ya tsuguna kawai, hannuwa a bisa gwiwa, yana masa magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da yake cewa ba. Da ya miƙe ya ce mini karen ya yi ƙiba da yawa, in rage masa abinci, kare mai ƙiba barci yake yi.

Da safe ya koma. Yana can har yanzu.